Gurbi na Bakwai a Faifan Kakata

Kakata, mahaifiyar babana, ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, amma har yau ban ga wanda ya san da'ira kamarta ba. A Gangara ta yi rayuwarta, a wani ɗan ɗaki kusa da rumbuna, kuma tun da na buɗe ido saƙar faifai na tarar tana yi. Bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaro, ta jiƙa kaba a ƙwarya, ta ɗauki basilla, ni kuma in zauna a gefenta ina miƙa mata zare-zaren da ta tsaga. Kullum daga tsakiya take farawa. Takan naɗe ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake, ta ce wannan ita ce cibiya, daga nan sai ta yi ta zagayawa, faifan yana buɗewa a cinyarta a hankali.

Ƙawata take kirana, in kuma tana son tsokana ta ce 'yar lakol. Lakol ita ce makarantar boko a wajenmu. Kaka ce ta fara nuna mini cewa abubuwa suna da tsari. Da damina takan ja ni bayan gida inda ake ɗaure akuya, ta nuna mini yadda akuyar ta cinye ciyawa kewaye da turke, fili ya fito zagayayye kamar an zana.

"Wa ya koya mata wannan, ƙawata?"

"Igiya ce, Kaka."

"To ita igiyar, a wace lakol ta yi?"

Sai ta yi dariya har haƙoranta biyu na ƙasa su fito. Ta nuna mini ɗan tsiron ciyawa da iska ke juyawa, bakinsa yana shata zobe a kan yashi. Ta nuna mini zobban da ke buɗewa a rijiya idan guga ya taɓa ruwa, da tauraron da ke cikin kuɓewa idan an yanka, da ɗakunan saƙar zuma da babu wanda ya fi wani. Ba ta yin dogon bayani. Iyakarta ta ce Ubangiji bai watsar da komai ba, ajiye kowane abu ya yi a wurinsa, kuma wanda ya duba da kyau zai ga sawun ajiyar. Ina jin wannan magana ina 'yar shekara bakwai ko takwas, sai tsigar jikina ta tashi, ban san dalili ba.

Da na gama firamare aka kai ni Agiye, gidan wani ɗan'uwan innata, don in ci gaba da karatu. A can na haɗu da kompa, ɗan ƙarfen nan mai ƙafa biyu da ake zana da'ira da shi. Wata safiya mushen lissafi, wato malaminmu, ya zana da'ira a allo, bai canja buɗin kompan ba, ya dasa ƙafarsa a bakin da'irar ya fara takawa. Taku shida ya yi, na shidan ya sauka daidai inda na farko ya tashi, ko tsinin allura bai ragu ba. Da ya haɗa layukan sai fure mai ganye shida ya fito. 'Yan aji suna ta kwafa, ni kuwa na zauna ƙwalla ta cika mini ido, don na ga akuyar Kaka da saƙar zumarta a kan allo. Na ɗaga hannu na tambaya ko ana iya yin bakwai. Ya ce a'a, shida da kanta take zuwa, amma bakwai kompa ba ya iya raba ta daidai, sai dai a kusanta. Daga ranar na cika bayan kayena, littafin rubutuna, da furanni masu ganye shida. Na ɗauka na gano asirin da Kaka take nuna mini, kuma har na fi ta saninsa, tunda ni ina da ƙarfen awo.

Shekarar da na cika goma sha shida na dawo Gangara hutun damina, na tarar yana ta rufe idanun Kaka. Tana gane haske da duhu, tana gane mutum da muryarsa, amma basilla ta ajiye ta. Gwaggo, yayar babana, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ke kula da ita.

Akwai faifai guda da Kaka ta saƙa a ƙarshe, lokacin da ganinta ya fara tafiya. Babba ne, fari, ba a rufe tuwo da shi, ba a fifita wuta da shi. A jikinsa akwai tsinaye ja masu kamar kan mashi, waɗanda ta rina da karan dafi, sun taso daga wajen cibiya suna nufin baki. Ta ninka kabar jan sau biyu, don haka tsinayen sun ɗago, ana jin su a yatsa. Kowace safiya, idan hantsi ya fara, takan ɗora shi a gwiwoyinta ta sa babban yatsa tana bin tsinayen ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi. Daga nan ta shimfiɗa tafin hannunta a wuri guda ta daɗe a haka, ta shafa fuska, sannan ta ɗaga murya ta ce, "Ina kokon nan, ko so kuke in mutu da yunwa ku gaji tabarmata?"

Na ɗauka irin lazimin tsofaffi ne. Abin da ya ja idona shi ne zanen. Na ƙirga tsinayen na ga shida ne, amma ba su raba zagayen daidai ba. Sun matsu a gefe guda, sun bar wani fili fari wanda bai fi wurin tsini ɗaya ba. Raina ya sosu. Na ce a zuciyata, Allah sarki, idon Kaka ya tsallake wuri ɗaya ba ta sani ba, kuma ba wanda ya yi mata karar faɗa mata. Aikinta na ƙarshe ke nan, a ce ya tafi da giɓi.

Ranar kasuwa Gwaggo ta ɗora ta a amalanke suka tafi gaisuwa wani ƙauye kusa. Na ɗauko faifan daga inda yake rataye, na ɗauko kompana na auna faɗin tsini da tsawonsa. Abin da ya ba ni mamaki, da na auna filin nan na ga shi da sauran duk faɗinsu ɗaya. Kaka ta raba da'ira bakwai da yatsa, abin da mushe ya ce ƙarfe ba ya iyawa. Wannan ya isa ya tsayar da ni, amma ban tsaya ba. Na sami ragowar jar kaba a cikin tukunyarta, na jiƙa, na ninka biyu kamar yadda ta yi, na ɗinka tsini na bakwai. Tun hantsi nake kai har la'asar. Na cusa bakin kabar ciki yadda ta koya mini don kada ya fito, na murza wurin da ɗan man gyaɗa da ƙasa har launin ya zama ɗaya da tsoho. Da na gama na ɗora faifan a kan yatsa na juya shi, yana ta wulwulawa, tsinaye bakwai cif, ba farko ba ƙarshe. Na mayar da shi na rataye, ina ɗokin gari ya waye.

Da safe ina zaune a bakin ɗakinta da kwanon koko a hannu. Ta ɗora faifan a gwiwa ta fara. Ɗaya, biyu, uku, har shida. Ta buɗe tafinta za ta shimfiɗa, sai yatsan ya ci karo da wani tsini. Ta ɗan dakata. Ta ɗauka ta ɓata ƙirga, ta ci gaba. Ta zagayo, ta sake zagayowa. Ina kallon yatsan nan yana tafiya yana neman inda zai sauka, leɓɓan sun daina motsi, shi kuwa bai daina ba. Ban san sau nawa ya kewaya ba. Kokon ya huce a hannuna.

"Ƙawata," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "wa ya taɓa min faifai?"

"Ni ce, Kaka. Gyara miki na yi. Idonki ya tsallake wuri ɗaya."

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta miƙo mini shi ta ce, "To nuna min naki. Wanne ne daga ciki?"

Na karɓa na duba. Na juya shi, na duba bayansa, na fita da shi rana. Jiya-jiya na yini a kansa, amma na yi aikin da kyau har ni kaina ban iya gane shi ba. Ban lura da inda yake ba daga ƙarshen saƙar, don ban taɓa zaton za a tambaye ni ba. Na ce, "Kaka, duk iri ɗaya ne." Ta ce, "To," ta juya fuskarta bango. Ranar ba ta sha koko ba.

Gwaggo ce ta faɗa mini, a gindin turmi, tana daka tana magana don kada sauti ya kai ɗakin.

"Ke da karatunki! Wa ya aike ki? Da kin tambaya mana, bakinki ciwo yake?"

"Gwaggo, giɓi na gani."

"Giɓi kika gani. To ji nan. Kin ɗauka ni ce ta fari a ɗakin nan? Ba ni ba ce. Akwai wani kafin ni, namiji. Kwana shida ya yi. An sayi rago, an jiƙa gero, gobe suna, da yamma ya koma."

Ta ajiye taɓarya ta share goshi. Ta ce ita ma ba daga bakin Kaka ta ji ba, tsohuwar ungozomar garin ce ta faɗa mata ranar da ta yi tata haihuwar ta fari. Kakanmu ya raɗa wa jaririn suna a kunne ranar da aka haife shi, kamar yadda ake yi, ana jiran ranar bakwai a bayyana wa jama'a. Ranar ba ta zo ba. Kaka kuwa yarinya ce a lokacin, kuma ɗan fari ne, wanda uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi, ba ta kuka a kansa a gaban mutane. Kunya ba ta bar ta ta tambayi mijinta wane suna ya raɗa ba. Shi ma bai taɓa faɗa ba. Suka yi ta zama shekara da shekaru, har ya rasu da sunan a bakinsa.

"Duk mamatanmu tana kiransu ɗaya-ɗaya a addu'a," in ji Gwaggo. "Shi da mi za ta kira shi? Shi ne ta yi mishi wuri. Je ki duba duk faifan da ta taɓa ba mu."

Na shiga ɗakin Gwaggo na sauko da tsofaffin fayafai uku daga kan ƙore. Duk tsini shida da fili. Tun ina rarrafe nake cin tuwon da aka rufe da su, ban taɓa ƙirgawa ba.

Na kai wa Kaka ɗaya daga ciki, na ce ga wani. Ta shafa shi, ta mayar mini. Shekaru da hannuwa sun goge shi sumul, yatsa ba ya jin komai a kai. Shi ya sa ta ninka jan a na ƙarshen, ta san inda idonta ya nufa. Na ce to bari in warware ɗaya, kowanne ne, filin ya dawo. Nan ne kawai na ji muryarta ta yi kaifi.

"Kul! In kika warware wanda ba shi ba fa? Shida Allah ya ba baƙon nan. Ki ɗauke mishi ɗaya, ki bar mishi wanda bai gani ba?"

Baƙon nan. Ban taɓa jin ta ambace shi ba sai ranar, kuma iyakar abin da ta iya kiransa ke nan.

Kwanakin da suka biyo ba na son tuna su. Kowace safiya sai ta ɗauki faifan, yatsan ya yi ta kewayawa har hantsi ya ɗaga, sannan ta ajiye ba ta shafa fuska ba. Kokon safe ta bar shi gaba ɗaya, sai da rana Gwaggo ta lallaɓa ta da 'yar fura. Wuyanta ya zurma. Ni kuma duk abin da na saba kallo da daɗi ya juya mini. In na leƙa rijiya na ga zobba suna buɗewa sai in ji jiri. Akuyar bayan gida tana kewaya turkenta, na tsaya ina kallonta, a karo na farko na lura cewa ita ba ta san tana zana komai ba, neman inda igiya za ta sake ta take yi. Na jefa kompana a ƙasan akwati. Hutu yana ƙarewa, saura mako uku in koma Agiye, kuma na san idan na tafi na bar ta a haka, a haka za ta ƙare.

Wata la'asar ta kira ni. Ta ce in jiƙa kaba, in kawo basilla, in zauna a gabanta.

"Saƙa za ki yi min, 'yar lakol. Fara daga cibiya."

Na fara. Ta ɗora yatsunta a bayan nawa, ba ta gyara mini ba, bi kawai take yi. In na yi zagaye guda sai ta karɓa ta shafa ɗinkin a hankali, ta miƙo mini. Haka muka yi wannan yammacin, da na gobe, da na jibi. Wani lokaci ta yi tsaki ta ce hannuna kamar na mai ɗaure buhu, wani lokaci yatsanta ya daɗe a kan ɗinkin har in ɗauka barci ya ɗauke ta. Na zaci koya mini take yi don kada in sake ɓarna. Sai a rana ta tara na gane cewa ita ce ke koyo. Hannuna take karantawa.

"Kin san abin da kike yi?" ta ce. "Ɗinki biyu kina numfashi, na ukun sai ki riƙe numfashinki ki ja da ƙarfi. Tun kina ƙarama haka kike, ko ruwa kike sha. Miƙo min faifan."

Na ɗauko mata. Wannan karon ba ta bi tsinayen da sauri ba. Ta tsaya a kan kowanne tana latsa ɗinki ɗaya-ɗaya da farce. Gwaggo ta bar tankaɗe ta zo ta tsaya a kanmu. A tsini na huɗu da ta taɓa, farcen ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi.

"Ga ki nan," ta ce. "Biyu sako-sako, ɗaya a ɗaure. Ga ki nan, ɓarauniyar wuri."

Gwaggo ta ce, "Inna, kin tabbata?"

"Ni da na haifi ubanta?"

Ta kama yatsana ta ɗora a kai, ba ta sake shi ba sai da na zura basilla a ɗinkin farko. Na warware a hankali, jar kabar tana fitowa a lanƙwashe. Da na cire ta ƙarshe na ga abin da ban yi tsammani ba. Kabar da na ɗinka a jiƙe take, ga laimar damina, rinin ya zuba a kan farin da ke ƙasa. Filin ya dawo, a shafe yake ga yatsa, amma ga ido akwai inuwar tsini a wurin, ja-ja mai haske, da siffarsa cikakkiya, kamar wani ya tsaya a bayan labule.

"Ya fita tas?" Kaka ta tambaya.

Na dubi Gwaggo. Gwaggo ta dubi faifan, ta kau da kai.

"Ya fita, Kaka," na ce.

Ba ta jira safiya ba. Ta ɗora shi a gwiwa ta bi shidan, leɓɓanta suna motsi, ta zo filin ta shimfiɗa tafinta a kan inuwar nan da ba ta gani. Ta daɗe fiye da yadda na taɓa ganin ta daɗe. Har kaji suka fara shiga akurki. Sannan ta shafa fuska ta ce, "Wai gidan nan ba a dama koko da yamma ne, ko doka ce?"

Ta rasu da bazarar da ta biyo, ina Agiye ina shirin jarrabawa. Da na zo gaisuwa Gwaggo ta miƙo mini faifan a naɗe cikin zane, ta ce Kaka ta ce a ba mai riƙe numfashi. Ban taɓa faɗa wa Kaka zancen inuwar ba. Wani lokaci ina ganin na kyauta, wani lokaci kuma ina jin na bar ta tana shafa ƙaryata kowace safiya har ƙarshen ranta. Na gwada wanke wurin da ruwa, na gwada da toka, bai fita ba. Shekarun nan ma kamar ƙara fitowa yake yi, ko kuwa farin ne ke dushewa a kewayensa, ban sani ba.

Yanzu ni ke koyar da lissafi, ni ke riƙe babban kompan katako a gaban allo. Ina nuna wa yara taku shidan nan, ina ganin idon wasu yana buɗewa kamar yadda nawa ya buɗe, kuma har yanzu na yarda da abin da Kaka ta ce, an ajiye kowane abu a wurinsa. Sai dai idan na zo rufe da'ira, saura kaɗan alli ya haɗu da inda ya tashi, hannuna yakan tsaya da kansa. Yaran sun gane, har jira suke yi.

"Madan, ba ki rufe ba!"

Sai in rufe, don aikin ke nan.

Faifan yana rataye a ɗakina. Gwaggo ta tsufa, ta fara mantuwa, ran nan na yi mata zancen jaririn nan sai ta ce wane yaro. Ni kaɗai na rage da na san ya zo. Da hantsi, kafin in fita, nakan sauke shi in ɗora a gwiwa in bi shidan da yatsa. Ban san abin da Kaka take faɗa a kan kowanne ba, ban tambaye ta ba, ni ma kunya ta hana ni. Nakan ce dai Allah ya ji ƙan baƙon nan, shi da wadda ta yi masa wuri. Idan na zo filin sai in rufe ido kafin in shimfiɗa tafina, don in same shi yadda ta bar shi.